Sassaben Baba Sale

Ranar da muka sauka Dubai ba wanda ya zo tarbarmu. Mutumin da ya yi mana biza a Kano, wanda kowa ke kira Alhaji Mai Hanya, ya ce da mun fito za mu ga wani riƙe da kwali mai sunayenmu. Kwalaye kam na gani, har da masu rubutun Sinanci, amma babu Habu a ko ɗaya. Na kai gwauro na kai mari a bakin ƙofar fita har wani ɗan sanda ya fara bina da ido. A nan na lura da wani dattijo zaune a kan jakarsa, da hula wadda rana ta gama cinye launinta, yana ta kallon takalmansa kamar yau ya fara ganinsu. Ko ban tambaya ba na san namu ne.

Na yi masa sallama. Ya ce sunansa Sale, daga wani ƙauye a gefen Maigatari, kuma shi ma Alhaji Mai Hanya ne ya turo shi, wai aikin lambu a gidan wani attajiri. Ni kuwa tuƙi aka ce min.

"To Baba, ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu," na ce.

"Zauna, yaro. Mai zuwa zai zo."

Ban zauna ba, don ni dama ba mai zama ba ne. Tun ina ƙarami mahaifiyata ke cewa ko ɗaure ni aka yi sai na tafi da turken. Na yi kanikanci na bari, na ja adaidaita sahu na bari, na buɗe shagon cajin waya na rufe, duk ba don sun ƙi ni ba, ni ne dai zaman ke gundura. Na buga lambar Alhaji har wayata ta mutu. Shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu.

Wani ɗan kasuwa Bakano da ya zo sarin takalma ne ya ji tausayinmu, ya saka mu a tasinsa zuwa Al Buteen, tsohuwar unguwar nan ta Deira da ke bakin ruwa. A can in ka rufe ido sai ka rantse a Kantin Kwari na Kano kake, ga Hausa ta ko'ina, ga masu tura baro suna neman hanya, ga ƙanshin turare da na kwali sabo. Ya kai mu wani shagon kago, inda ake ɗaure kaya a tura su gida, ya danƙa mu a hannun mai shagon, Hajiya Turai. Mace ce gajera mai murya kamar ta kwandasta. Ta karɓi takardunmu, ta sa tabarau, ba ta ko kai ƙarshen layi ba ta ajiye.

"Ɗana, wannan ai visit ce. Bizar yawon buɗe ido. Ba a aiki da ita, kuma in ta ƙare tara za ta fara hawa kanku kullum. Wa ya yi muku?"

Na faɗa mata.

"Allah ya isa dai. Ku ci abinci tukuna, ba a baƙin ciki da yunwa."

Ta sa aka kawo mana shinkafa da kaza daga wajen wasu 'yan Pakistan. Ni na kasa ci, Baba Sale kuwa ya cinye tasa tas, ya suɗe hannu, ya tambayi ina gabas.

Washegari na ja shi muka shiga abra, ƙaramin kwale-kwalen katakon da ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai, don a takardarmu an rubuta cewa ofishin kamfanin yana can. Baba Sale bai taɓa hawa ruwa ba. Ya riƙe bakin benci da hannu biyu, ya kafa ido a kan ƙafafunsa, sai da muka kai tsakiya ya yi magana.

"Shanun huɗata na sayar, Habu. Duka biyun. Ni na haife su, in ka cire ciki."

Na yi dariya, sai na ga shi ba dariya yake ba.

"Na ce wa mai ɗakina shekara biyu kawai, in dawo in sayi huɗu. Manomin da ba shi da sa a garinmu sai kowa ya gama huɗa a ara masa, lokacin ruwa ya yi nisa. Ka ga in na koma haka, da wace fuska?"

Mun sami lambar shagon a cikin kasuwar yadi. Wani Ba'indiye ne a ciki yana auna leshi. Ya dubi takardar, ya dube mu, ya girgiza kai irin na wanda ya gaji da ganin irinmu. Ya ce ba kamfani a nan, ba a taɓa yin kamfani a nan ba. Ya ba mu ruwan sanyi a kofin roba. A hanyar dawowa ni ne na riƙe bakin benci, don ji na yi in ban riƙe wani abu ba zan iya faɗawa ruwan nan don haushi.

Hajiya Turai ta samar mana gado a wani filat a Al Nahda, kan iyaka da Sharjah. Gado na ce, ba ɗaki ba. Gadaje ne masu hawa-hawa an jera, kowa da labulensa, kowa da ƙugiyar rataye wandonsa. Akwai 'yan Ghana, akwai wani ɗan Maraɗi da ba ya gama jimla sai ya sa Faransanci, akwai wani mai digiri daga Zariya da ke gadi a wani kanti. Ni na riƙa bin jirgin ƙasa zuwa Deira ina ɗaukar kwalaye a shagon Hajiya a ɓoye, abin da aka ba ni mu ci mu biyu. Bizarmu ta ƙare muna kallo. Daga ranar duk mai kaki da na hango sai na canza titi. Na rame, na yi baƙi, barci ya ƙaurace min. Kewar gida ta kama ni ta inda ban zata ba, wai ni ne nake marmarin jin ƙarar injin niƙan maƙwabtanmu da na sha zagi.

Baba Sale zaman banza ne ya kusa kashe shi. Ya share filat ɗin har 'yan Ghana suka fara roƙonsa ya bari. Ya wanke bayi, ya goge taga, ya yanke robar ruwa ya dasa albasa a ciki. Kullum da safe sai ya leƙa sama ta tsakanin dogayen gine-ginen nan.

"Wai su nan ba a yin hadari ne?"

"Baba, nan ruwan teku suke tacewa su sha."

"Allah mai iko. Ƙasa ba damina, amma kowa da ƙiba."

Ana nan sai wani direba Basudane mai suna Usman, wanda ke kawo wa Hajiya kaya, ya ce ubangidansa na neman mutum biyu a izba, wato gonar dabbobi irin ta Larabawa a cikin hamada. Ɗaya ya iya tuƙi, ɗaya ya san dabba. Hajiya ba ta ma tambaye mu ba.

"Yalla, ku tattara. Kai Habu, ka ji ni da kyau, in ka gudo daga can ma kar ka biyo ta shagona."

Mota ta yi ta tafiya da mu har gine-gine suka ƙare, kwalta ta ƙare, sai rairayi ja ko'ina ka duba. Izbar ba wani abin kallo ba ce: garken raƙuma, awaki, 'yan bishiyoyin dabino, rumfar baƙi, da ɗakin kwano inda za mu kwana. Mai wajen wani tsoho ne siriri, ana ce masa Bu Rashid, idonsa ɗaya ya yi fari. Ɗansa Rashid, ma'aikaci ne a birni, shi ke riƙe da komai. Ya yi mana magana a tsaye, makullin mota a hannu. Na ɗan taɓa Larabci a Islamiyya, irin na littafi wanda in na yi sai su yi murmushi kamar sun ji mai huɗuba yana cinikin tumatir, amma dai muna fahimtar juna. Ya ce zai gwada mu. In mahaifinsa ya gamsu, shi zai biya tarar da ke kanmu ya yi mana takardun zama. In bai gamsu ba, khalas, wato shi ke nan.

Baba Sale ya farfaɗo kamar an zuba wa alayyafo ruwa. Kafin a ce me, ya san kowace akuya da halinta, raƙuman da ke cizon Usman shi suna sunkuyo masa da kai. Tsohon nan Bu Rashid ya kan zo da hantsi ya zauna kusa da shi, ba mai jin yaren wani, amma su yi ta hira, wannan na Hausa wancan na Larabci, suna nuna kofato da haƙori. Ni kuwa hamada ta ishe ni tun makon farko. Shirun wajen har ƙara yake min a kunne. Duk wani aike da zai kai mutum gari, ko na allura ne, ni ne a gaba.

A bayan garken akwai wani fili mai faɗi da aka kewaye da waya, an ɗaure ƙofarsa da igiya. Ba komai a ciki sai wasu ƙananan itatuwa da ba su wuce gwiwa ba, farare fat, busassu, ba ganye ko ɗaya, kamar tsintsiyar da aka kafa a ƙasa. Filin nan ya tsaya wa Baba Sale a rai. Duk wucewar da zai yi sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Dubi gona har gona, an yi mata shinge, amma an bar ta da ƙiraruwa. Tsufa ne ya kama mai ita, ɗan kuma ɗan boko ne."

"Baba, ina ruwanka? Akuya aka ba ka."

"Kai ba manomi ba ne."

Ba wanda ya gaya mana ko mene ne a ciki, don ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai shiga. Da sanyi ya fara shigowa, wata Juma'a aka tashi da gajimare a gabas, na farko da muka gani tun zuwanmu. Ranar hutunmu ce. Na bi Usman gari sallar Juma'a da sayen dusa, Baba Sale ya ce ƙafarsa na ciwo, zai yi azahar a gida. Ashe tun asuba ya wasa adda.

Duk wanda ya tashi a ƙauye a ƙasar Hausa ya san abin da manomi ke yi in ya ga hadari ya fara leƙowa. Sassabe yake yi. Ya sare sabara da kalgo da duk wani ƙaramin icen da ya tsiro a gona, ya tara su tsibi-tsibi ya cinna wuta, tokar ta zama taki, ruwa ya sauka a kan fili mai tsabta. Kuma babbar karar da za ka yi wa dattijon da ƙarfinsa ya ƙare ita ce ka yi masa sassabe ba tare da ya roƙa ba, ya wayi gari ya ga an yi. Abin da Baba Sale ya yi niyya ke nan.

Tun daga nesa muka hango hayaƙi. Usman ya taka mota yana salati. Da muka iso rabin filin ya zama fayau, tsibin toka nan da can suna ta turiri, ga Baba Sale tsaye a tsakiya, gumi ya jiƙa rigarsa, yana murmushi har kunne. Motar Rashid ta tsaya a bayanmu. Tsoho ya fito da sandarsa, ya taka a hankali har bakin waya. Bai yi faɗa ba. Ya durƙusa ya ɗebi toka a tafin hannu, ya daɗe yana kallonta.

"Laish?" ya ce. Me ya sa?

Murmushin Baba Sale ya fara gushewa. "Habu, me ya ce? Ka ce masa ban gama ba ne, gobe zan ƙarasa wancan ɓangaren."

Ban fassara ba. Rashid ne ya yi bayani. Ya ce wannan icen sunansa arfaj, kuma ba matacce ba ne. Haka yake zubar da ganye ya bushe duk tsawon zafi, in ruwa ya sauka sai ya yi kore ya fitar da fure. Ya ce a da duk hamadar nan shi ne, shi raƙuman kakanninsu ke ci, da itacensa kakarsa ke dafa gahawa. Gine-gine da tayoyin mota da yawan kiwo suka cinye shi. Inda aka haifi mahaifinsa yanzu babban titi ne. Wannan ɗan filin kaɗai tsohon ya tsare, tun Rashid yana yaro, ba a shuka ba a ban ruwa, ba ya barin ko akuya ta leƙa. Shekarun nan ruwa ya yi ƙaranci, bai yi fure ba, kuma tsohon kullum cewa yake yana so ya ƙara ganin furen kafin ɗaya idon ma ya tafi.

Na juya na gaya wa Baba Sale da Hausa. Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta faɗi haka ba. Addar ta zame daga hannunsa. Garin gyaran gira an rasa ido, kuma ni tausayinsa da haushinsa suka haɗu a kaina, har na rasa wanda zan fara ji.

"Ka ce masa ban tumɓuke ba," ya ce a hankali. "Sara na yi. Kututturen na nan. A wajenmu sabara tana tohowa. Ban san nasu ba, amma ka ce masa."

Na faɗa. Rashid ya ce mu tattara kayanmu. Tsohon ya ɗaga hannu, har lokacin da toka a ciki. Ya ce a bari a ga ruwa. In arfaj ya toho, mutumin nan ya zauna. Amma kada ya ƙara taka cikin filin, kuma kada wanda ya ja tiyo ya kai wajen, don ruwan rijiyar izba gishiri gare shi, arfaj kuwa ruwan sama ya sani.

Gajimaren ranar ko ɗigo bai zubar ba, iska ta kwashe shi.

Daga nan muka shiga jiran ruwa a ƙasar da ruwa ba ya alkawari. Ban san akwai azaba irin wannan ba. Na sauke manhajar hasashen yanayi a wayata ina dubawa kamar mai jiran sakamakon asibiti. In na ga gajimare sai in kasa cin abinci, in ya watse sai in nemi wanda zan yi wa tsawa. Sau da yawa na shirya jakata a zuci, in ce gobe zan bi Usman in ɓace a Deira, kowa tasa ta fisshe shi. Sai in ga Baba Sale yana ba awaki dusa, ya daina waƙar da yake yi musu, sai in fasa. Tsohon ma ya daina zuwa hira. In ya zo, daga mota zai wuce bakin waya ya tsaya, ya koma.

Wata rana da la'asar na lura Baba Sale ba ya alwala a bakin ɗaki kamar da. Sai ya cika butarsa da ruwan shanmu, ya zaga can kusurwar shingen, ya tsuguna daf da waya. Na bi shi. Ashe akwai wani kututture a ciki, tazarar hannu daga shingen, ya ɗan tone rairayi ya yi wa ruwa hanya ta ƙarƙashin waya. Duk abin da ya zuba daga hannunsa da fuskarsa da ƙafarsa, can yake gangarawa.

"Baba, an ce kar a ba shi ruwa."

"An ce kar a ja tiyo, an ce kar in shiga. Ka ga tiyo? Ka ga na shiga? Alwala nake, ko ita ma an hana?"

"In ya toho shi kaɗai ai za su gane."

"Su gane mana. Ni so nake in san ko kisa na yi."

Kowace salla a nan yake alwala. Wani lokaci ya zura hannu ta waya ya ɗan kankare bawon da farce, ya kira ni in duba, wai akwai ɗanye a ciki. Ni dai ban ga komai ba sai ice, amma ina ce masa na gani.

Sanyi ya fara ja da baya, sama ba ta ce komai ba. Sai aka kwantar da Bu Rashid a asibiti. Kwanaki kaɗan bayan haka Rashid ya zo shi kaɗai, ya kira ni rumfa. Bai zauna ba, kamar kullum. Ya ce ana zagayen duba takardun ma'aikata a gonakin yankin, ba zai iya ci gaba da ajiye mutum biyu ba takarda ba. Direba yake buƙata, zai yi min tawa. Dattijon kuwa zai biya masa tara, ya saya masa tikiti, ya koma gida da mutuncinsa ba a kama shi ba. Na roƙe shi da duk Larabcin da na sani, har da wanda ban sani ba. Na ce mahaifinsa ya ce a jira ruwa.

"Habibi, mahaifina na kwance. Ruwan kuma ina yake? Khalas."

Na sami Baba Sale a garke na gaya masa, na ƙara da cewa ni ma ba zan zauna ba, tare muka zo tare za mu tafi. Har ga Allah ba duka don shi na faɗa ba, ƙafata ce ta sami dalili. Ya gama ɗaure akuyar da ke hannunsa kafin ya dube ni.

"Ba tare muka zo ba, a bakin ƙofa ka tsince ni. Kuma in ka tafi wa zai gaya min?"

"Gaya maka me?"

"Ko ya toho." Ya ɗauko butarsa ya miƙo min. "Ka yi ta yin alwala a wajen. Tunda uwarka ta haife ka ba ka taɓa zama wuri ɗaya ba, kai ka faɗa min da bakinka. To zauna wannan karon, ka ga abin da zama ke kawowa."

Ni na kai shi filin jirgi. Mun biya ta Al Buteen, Hajiya Turai ta cusa masa turmin atamfa da dabino a jaka ya kai wa mai ɗakinsa, tana yi tana faɗa wai kar ya kuskura ya yi mata godiya. A bakin ƙofar shiga ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Da ya juya na ga ƙeyarsa da hular nan da ta koɗe, na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Na koma izba da buta. Ba zan ce zaman ya yi min daɗi ba. Aiken gari da nake rububi ya zama in na je hankalina na kan kusurwar shinge, in azahar ta kama ni a hanya sai in ji kamar na bar jariri da yunwa. Usman ya yi ta yi min dariya, wai Bahaushe ya auri kututture.

Ruwan ya zo bayan kowa ya fid da rai, lokacin zafi har ya fara dawowa. Da hantsi sama ta yi baƙi, aka fara yayyafi, kafin azahar ya zama kamar da bakin ƙwarya. Raƙuma suka yi ta gurnani, rufin kwanonmu ya yi ta yoyo, aka ce a birni motoci sun tsaya cak a cikin ruwa. Ni na fita na tsaya a bakin waya har na jiƙe sharkaf, ina jin murna da baƙin ciki lokaci guda, don wanda ya fi kowa jiran ruwan nan ba ya nan.

Ba a jima ba ɓangaren da adda ba ta taɓa ba ya fara canza launi, farin ya koma toka-toka, ya koma kore. Ɓangaren da aka sare kuwa sai da ya ja min rai. Sannan wata safiya na ga 'yan ganye sirara suna leƙowa daga gindin kututture, nan ɗaya can ɗaya. Ba duka suka tashi ba. Duk inda aka tara tsibi aka ƙona, wajen ya mutu murus, har yau tabon na nan. Amma da yawa sun toho. Na kusurwar shinge kuwa ya riga kowa, ya fi kowa tsawo, kuma cikin duk waɗanda aka sare shi kaɗai ya yi fure a shekarar.

Da aka sallamo Bu Rashid, ko gida bai bari an kai shi ba sai da aka biyo da shi izba. Ya rame ƙwarai. Rashid ya riƙe shi suka shiga filin, ya yi ta tafiya cikin furanni yana shafa su da bayan hannu, yana sunkuyawa da idonsa mai gani. Da suka zo kusurwa ya tsaya. Ya dubi icen, ya dubi 'yar hanyar ruwan da ta bi ta ƙarƙashin waya, ya dubi butar da ke hannuna. Bai tambaye ni komai a kai ba.

"Wen Saleh?" ya ce. Ina Sale?

Rashid ya sunkuyar da kai. Ashe bai gaya masa ba. Tsohon ya ce in kira Baba Sale yanzu.

Wayar Baba Sale ƙarama ce mai maɓalli, ba ta karɓar hoto. Ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka, ina jin iska da haki a muryarsa.

"Baba, Habu ne. Ya toho."

Har na zaci layin ya yanke.

"Namu?"

"Namu da sauran. Namu har ya yi fure."

"Alhamdu lillahi. Ashe ban yi kisa ba." Ya ja numfashi. "Wane launi ne?"

Sai a lokacin na tuna bai taɓa ganinsa ba, ko a hoto. Na tsuguna na duba da kyau don kar in yi masa ƙarya.

"Ruwan ɗorawa ne, Baba. Ƙanana, kamar maɓallin riga. In ka matsa kusa, kowane ɗaya 'yan mitsi-mitsin furanni ne da yawa suka taru a kai guda."

"Ruwan ɗorawa," ya maimaita. "To madalla."

Tsohon ya taɓa kafaɗata ya ce in gaya masa ya dawo, shi da kansa zai yi masa takarda. Na faɗa.

"Ka gaishe shi, ka ce na gode, ya yafe min na wajen da ya ƙone. Amma nan ma hadari ya fara haɗowa. Ina gona yanzu haka, sassabe nake. Na riga na roƙi maƙwabcina shanunsa, in ya gama tasa huɗar zai ara min. In na taso yanzu, wa zan bar wa?"

"Baba, shanu huɗun fa?"

"Habu, katinka zai ƙare. Ka riƙe butar nan da kyau, tana yoyo ta gindi."

Na sauke wayar. Bu Rashid na kallona, na girgiza masa kai. Ya gyaɗa nasa a hankali kamar dama ya san amsar. Daga can bakin garke Usman ya ɗaga murya ya kira azahar. Rashid ya ce su koma rumfa, akwai famfo a can. Tsohon bai motsa ba. Ya miƙo hannu, na ba shi butar Baba Sale. Ya zagayo ta wajen shinge, ya tsuguna da ƙyar a inda rairayi ya lotsa, ya naɗe hannun riga ya fara wanke hannuwansa, ruwan yana bi ta ƙarƙashin waya.